Jegon Motar Maigidana

Mijina ɗan gwaggona ne, wato taubashina, saboda haka tun muna yara nake da izinin yi masa tsiya, kuma da aka ɗaura mana aure ban mayar da izinin ba. Sunansa kam ba na faɗa, ko da can ko yanzu da na tsufa. A Dumega ma ba a bukatarsa. Da ka ce "mai mota" an san wanda kake nufi, domin a shekarun nan da Nasara suka sauke tutarsu muka ɗaga tamu, mota ɗaya ce ke kwana a garin, kuma a ƙofar gidanmu take kwana.

Akori-kura ce, mai buɗaɗɗen baya da rumfar tamfol, irin wadda muke ce wa bashe. Shanun da ya gada ya sayar, ya saye ta a hannun wani Nasara da ke ɗaure kayansa zai koma ƙasarsu. Nasaran ya riga ya ci tsokarta, ƙashin ya bar mana. Da a hannun mai haƙuri ta faɗa, da wataƙila ta tsufa da mutuncinta. Sai ta faɗa hannun maigidana, mutumin da a ƙasa ko kaza ba ya iya kora da ƙarfi, amma da ya riƙe sitiyari sai ka ce gobara aka kira shi kashewa. Kuma ba ya iya ganin fili a bayan mota ya ƙyale shi. Buhunan hatsi, awaki, mata da tukwanensu, tsoho da ƙyauren ɗakinsa, duk sai ya ce a matsa, akwai wuri. Haka zai nutsa cikin rairayin hanyar Tibiri, injin na kuka, shi yana waƙa.

Wata ranar kasuwa cikin bazara injin ya ce ya gaji. Waɗanda ke ciki sun ce sun ji ƙara kamar an buga taɓarya a turmin da babu komai, sai hayaƙi, sai shiru. Raƙuma aka ɗaura suka jawo ta gida, maigidana na zaune a ciki yana juya sitiyari da dukkan girmansa. Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Na tambaye shi ko raƙuman ma yana ba su wuta.

Ya shige gida kansa a sunkuye, abin da ba halinsa ba ne. Sai da na kai masa tuwo ya yi magana, idonsa a kan akushi.

"'Yar kawu, in motag ga ba ta tashi ba, ko in ta tashi ta koma mutuwa, kaka na yi za ni bin 'yan Kurmi. Ba ni zama garin ga ana gwada ni da baki."

Nan dariyata ta ƙare. Kurmi can ce ƙasashen bakin teku, inda mazanmu ke tafiya neman arziki, kuma na san yadda ake yi. Wani ya dawo da keke da akwatin ƙarfe, wani ya aiko da gaisuwa, wani ko gaisuwar babu, matarsa na nan ba ita ga aure ba ita ga zawarci. Ina da yara biyu ƙanana a lokacin, kuma tunda na tsufa zan iya faɗa, ina son mutumin. Na ji tsoro ƙwarai. Daga ranar lafiyar injin nan ta zama lamarina fiye da nasa.

Aka kira makanike daga Dogon Dutsi. Kirista ne, dattijo gajere mai furfura a gemu, a garejin 'yan mishan ya koyi aiki, kuma ba ya gaggawa ko da sama za ta faɗo. Ya rataya sarƙa a reshen gawon da ke ƙofar gidanmu, mazan unguwa suka ja, injin ya fito yana lilo yana ɗigar baƙin mai. Gwaggona, uwar maigidana, ta fito ta kama haɓa tana kallon ramin da aka bari a gaban motar. Shi kuwa makanike ya nemi tabarmi, na ba shi tsofaffi, ya ce sababbi yake so, wai yashi ne babban maƙiyin inji. Ya nemi tasa, ya zaɓi wadda na fi so cikin kayan ɗakina, ya zuba kananzir, ya shiga wanke hanjin injin ɗaya bayan ɗaya yana rera waƙoƙin cocinsu ƙasa-ƙasa. Tasar nan har ta huje ba ta daina warin kananzir ba, kuma ban yafe ba.

Gangar jikin injin sai da aka ɗora ta a babbar mota aka kai Yamai aka rarake ta. Makanike ya dawo da ita, da sababbin fistan da zobbansu a naɗe cikin takarda mai maiƙo. Ya faɗa wa maigidana gaskiya a gaban kowa, cewa wannan rarakar ita ce ta ƙarshe, ƙarfen ya yi siriri, in ya sake lalacewa sai dai a ba maƙera su yi hauya da shi. Maigidana ya ce to, to, ya ji. Na san wannan "to, to" ɗin. Da ita yake amsa mini in na ce gishiri ya ƙare.

Akwai wani aiki da makanike ke yi da wasu ƙarafa masu kama da ƙusa mai faɗin kai, supap yake ce musu. Zai shafa musu wani abu mai tsakuwa-tsakuwa, ya kafa ɗan sanda a kai, ya yi ta murzawa tsakanin tafin hannuwansa har su zauna daram a gurbinsu. Na kawo masa fura na tsaya ina kallo. Na ce ai wannan burga miya ce, kuma in haka ake burga kuka a gidansa, to gudaji suke ci. Ya miƙo mini sandan ya ce bismilla. Na zauna na burga, ya duba, ya ba ni na biyu. A nan, muna zaune muna murza, ya faɗa mini abin da ke damunsa.

"Uwargida, aikina ba shi da aibi, amma mijinki kashe shi za ya yi cikin sati. Inji in anka sake mishi ciki, sai an yi mishi rodaj."

Na ce mene ne kuma rodaj.

Ya ce sababbin zobban da bangon injin ba su san juna ba tukuna, sai a hankali za su saba. Kafin nan ba gudu, ba kaya mai nauyi. Da safe a tada shi a bar shi ya ɗumama kafin a motsa. Kullum a ɗan taka da shi, kada a bar shi kwance, amma sannu-sannu, ana taɓa shi ana jin zafin jikinsa. In an kwana biyu a juye man da ke ciki, saboda dattin da zai fito. Haka za a yi ta yi wata guda da 'yan kai.

Na ajiye sandan na ce, "Ashe jego na."

Ya dube ni, ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ni ban yi ba, don tuni hankalina ya tafi ɗakin Gwaggo.

Gwaggo ungozoma ce. Rabin mutanen Dumega ita ta yanke musu cibi, kuma babu wanda ya isa ya ɗaga mata murya, don ta san yadda kowa ya zo duniya, tsirara yana ihu. A wajen jego kuwa ba ta da sauƙi ko kaɗan. Sau biyu na shiga hannunta. Ruwa na tafasa za ta tsoma ganyen tsamiya ta fyaɗa mini a baya safe da yamma, ta ɗura mini kunun kanwa har ya kusa fitowa ta hanci, ta hana ni ɗaukar ko tulu har sai an yi arba'in. Duk wannan lokaci ɗanta zai zo jikin darni ya tsaya yana tambaya, "'Yar kawu, kin dahu ko da saura?" Na ajiye masa wannan a zuciya shekara da shekaru. Ga shi Allah ya kawo hanyar da zan tsare inji in kuma rama, ramuwar gayya kuwa ta fi ta gayya zafi.

Ban je na roƙe ta ba, don Gwaggo in ka roƙe ta abu ka rasa shi. Na dai zauna kusa da ɗakinta ina tsince wake, ina magana da waken. Na ce oh ni, duniya ta lalace, a buɗe wa baiwar Allah ciki a fitar da abin da ke ciki, jikinta ɗanye sharaf, amma gobe-gobe za a ɗora mata buhu a kora ta kasuwa, kuma a gidan ungozoma. Ban kai ƙarshen waken ba na ji ta ce a kira mata makanike.

Ya zo ya durƙusa, ta shiga yi masa tambayoyi kamar alƙali.

"Ɗanyen jiki gare ta?"

"Ɗanye sharaf, Inna."

"In tad ɗauki nauyi hwa?"

"Ta tahi ke nan. Ba ni iya maido ta."

"Sanyin sahiya?"

"Shi na babban abin gudu."

"To arba'in za ta yi."

"Inna, ko Nasaran da sunka ƙera ta ba su hi haka sani ba."

Fuskarsa ko gezau, kamar mai karanta Linjila. Har yau ban san ko Gwaggo ta yarda mota na yin jego ba. Ba wawuya ba ce. Ita ma ta ji maganar Kurmi, kuma ita ta haife shi. Abin da na sani shi ne ta karɓi aikin da hannu biyu.

Ranar da aka mayar da injin gurbinsa gari ya taru. Makanike ya zura ƙarfen tayarwa ya juya, injin ya yi atishawa, ya sake juyawa, sai ya kama da wata murya mai laushi da ba mu taɓa jin motar da ita ba. Mata suka yi guɗa. Maigidana baki har kunne, ya riga ya fara duban jama'a yana zaɓen wa da wa zai ɗauka. Sai Gwaggo ta ratso taron ta miƙa hannu.

"Kashe ta. Ba ni makullin."

"Inna, gwaji za ni yi, nan da Tibiri..."

"Maijego ba ta zuwa Tibiri ran haihuwa. Ba ni."

Ya dubi makanike, makanike ya dubi reshen gawo. Ya dube ni, na duƙa ina gyara goyo. A gaban jama'a ba ya iya musu da uwarsa. Ya zare makulli ya ba ta, ta ƙulle shi a bakin zanenta tare da goronta.

Washegari jego ya kankama. Al'ada ce mijin maijego shi ke kawo itacen wanka, saboda haka mai mota ɗaya tilo na Dumega ya saɓa gatari ya shiga daji a ƙasa. Aka dafa ruwa a babbar tukunya, Gwaggo ta tsoma ganyen tsamiya ta yi ta fyaɗa wa motar a goshi da kwiɓi, tururi na tashi, shi yana biye da ita da ƙwarya yana miƙo mata ruwa. Na zo jikin darni na tsaya.

"Ɗan gwaggo, ta dahu ko da saura?"

Bai juyo ba, amma na ga ƙeyarsa ta ji.

Saura kaɗan dabarar tawa ta kashe abin da nake son tsarewa. Wata safiya na fito na tarar Gwaggo ta dama kunun kanwa cike da ƙwarya, ta ɗaga murfin gaban mota, ta gano bakin da ake zuba ruwa, tana hura kunun ya huce. Makanike ya riga ya koma Dogon Dutsi, babu mai ceto sai ni. Na ruga na ce, Gwaggo, makanike ya ce ita kununta mai ne, ya riga ya ba ta, in aka haɗa mata biyu cikinta zai ɓaci. Ta dube ni, ta dubi kunun, ranta bai so ba. Ta ce to ba a dama kunun jego a zubar. Daidai nan ɗanta ya fito daga ɗaki yana miƙa. Ta ce ya taho, tunda maijego ba ta sha, mijinta ya sha mata. Daga ranar kullum safe sai ya shanye ƙwaryar kunun kanwa a tsaye a gabanta, ta karɓa ta duba ƙasanta. Kafin arba'in ya yi kumatu.

Da yake makanike ya ce a riƙa ɗan takawa da motar, Gwaggo ta yarda da fita, amma da ita a gidan gaba, ita da ba ta taɓa sa ƙafa a ciki ba tun da aka saye ta. Allurar da ke nuna gudu ta daɗe da mutuwa, kuma ko tana da rai Gwaggo ba za ta karɓi shaidarta ba. Sai ta zo da nata ma'aunin, ƙwarya cike da ruwa, ta ɗora a cinya. In ruwa ya zuba a zanenta, to an yi gudu, kuma akwai mafici mai kauri a hannunta na dama. Fitar farko ba su wuce zauren maƙwabcinmu ba na ji tas! Aka tsaya, aka aiko a kawo ruwa a sake cika ƙwarya. Sun dawo zanen Gwaggo jiƙe sharkaf, kunnen ɗanta jawur, babu mai yi wa ɗan'uwansa magana.

Fasinja ma ita ke zaɓa a ƙofar gida. Ta dubi mutum sama da ƙasa, in yana da jiki ta ce ya jira bayan arba'in. Limamin unguwarmu ma bai tsira ba. Duk inda aka ɗan yi nisa sai ta ce a tsaya, ta sauka ta ɗora bayan hannunta a goshin motar tana neman zazzaɓi.

Ku da ba ku san hanyoyinmu na lokacin ba, babu kwalta, rairayi ne da ramuka da saiwoyi. Mutum ya bi su da ƙwaryar ruwa bai zubar ba sai dai ya yi tafiyar hawainiya. Jakuna suna wuce su. Wani mai raƙumi ya jera da su, ya gaida Gwaggo, ya tambayi mutanen gida ɗaya-ɗaya, sannan ya nemi gafara ya ce shi yana sauri. Wani ma'aikacin gwamnati mai farin wando, da ke son isa Tibiri kafin a tashi daga biro, wato ofis, ya yi ta duban agogo yana Faransanci, daga ƙarshe ya sauka ya ari doki. A kasuwa mata suka daina yi wa maigidana barka da zuwa, sai "Ina maijego? Ina ruwan zahi?" Wata tsohuwa har sabulu ta kawo na barka, Gwaggo ta karɓa ta yi godiya.

Wata rana da la'asar, an kira Gwaggo haihuwa a bayan gari, maigidana ya same ni ina tankaɗe.

"'Yar kawu, in Inna ta kwanta, kwance mani makullin ga. Akwai wani mai hatsi, shina son a kai mishi kaya Tibiri. Sawu ɗaya tak."

"Ni in taɓa zanen Gwaggo? Ba ni."

"Kun maishe ni abin dariya. Jiya yara sunka bi ni da rarrahe."

Na yi ƙoƙarin riƙe dariyar, ta ƙi riƙuwa. Ya tsaya yana dubana, sai na ga ya gane.

"Ke ta. Aradu ke ta kinka haɗa wanga abu."

"Ni ta," na ce. Sai kuma na ji dariyar ta tafi, muryata ta sake. "Gara a yi maka dariya nan Dumega ina ji, da a zo a yi mani jaje kana Kurmi. Ba ni son ka tahi."

Tun da aka yi mana aure ban taɓa faɗa masa magana irin wannan tsirararta ba, ba tare da na rufa mata tsiya ba. Shi ma bai san inda zai ajiye ta ba. Ya tsaya yana wasa da bakin rariya, can ya ce garin nan bai yi laushi ba, ya fita. Bai sake maganar makulli ba.

Da aka yi rabi makanike ya dawo juye mai. Ya kwanta ƙarƙashin motar ya kwance, baƙin mai ya zubo yana walƙiya da ɗan garin ƙarfe. Gwaggo ta tsoma yatsa ta murza, ta nuna wa matan da suka taru, ta ce kun gani, wannan dattin da ya zauna a ciki da shi ne ajalinta. Makanike ya daɗe yana kasa kunne ga injin, sannan ya ce ana iya ƙara mata tafiya kaɗan. Gwaggo ta rage ruwan ƙwarya da ludayi.

Amma maigidana ba ya iya yin abu bai mai da shi abin alfahari ba. Tunda an hana shi fin kowa gudu, sai ya ƙudura zai fi kowa lallaɓawa. Ya haddace kowane rami na hanyar, ya san inda zai saki wuta tun kafin a iso, ya san yadda zai hau tudu motar ba ta girgiza ba. Ya fara cewa a mayar da ludayin da aka rage, a cika ƙwaryar har baki. Ta kai yana ɗan ƙara tafiya ruwan na kwance luf, mafici ya koma na fifita kawai. Ni kuwa ina ta murna, ina ganin na ci gari.

Arba'in ya zo daidai da faɗuwar damina, zabi sun fara ƙwai. Gwaggo ta ce a yi yawon arba'in kamar yadda ake yi wa kowace maijego, a kai ta ta gaida dangi. Aka wanke mota, na shafa mata lalle a goshi don tsiya, muka ɗunguma Tibiri, ni da yara a baya. Dangi suka biye mana, wannan ta ba da goro, waccan ta ba da kaza. A hanyar dawowa wani ɗan kasuwa na Dogon Dutsi ya tsayar da mu. Ƙwan zabi yake saye a ƙauyuka yana kaiwa Yamai, ga kwandunansa jere a gefen hanya. Ramamme ne, saboda haka Gwaggo ta ce ya shiga. Bai zauna ba. Ya durƙusa a baya yana leƙe ta ɗan tagar da ke tsakaninmu da gidan gaba, idonsa a kan ƙwaryar da ke cinyar Gwaggo, tun daga nan har Dumega. Da aka sauka ya buɗe kwandunan ya laluba. Ko ɗaya bai fashe ba.

Ya ce shekara da shekaru manyan motoci na mai da masa ƙwai waina tun kafin a kai Doso. Ya tambaya wa ya koya wa direban nan tuƙi. Gwaggo ta gyara ɗankwali ta ce ita ce, kuma ko Yamai ne ɗanta zai kai ƙwaryar nan bai zubar ba. Ni ma na gyaɗa kai ina jin daɗi. Sai da na ga sun koma gindin gawo shi da maigidana, sun zauna suna magana ƙasa-ƙasa, sannan jikina ya fara ba ni.

Aikin ya karɓa, kuma wa zai ce kada ya karɓa? A tafi Yamai da ƙwai, a dawo da gilashin fitila da kwanukan tangaran, duk abin da ke tsoron girgiza. Daga baya sunansa ya kai Gaya, ya ƙetare kogi, masu kaya masu saurin fashewa suna jiran sa'arsa. Injin nan ko ciwon kai bai sake yi ba. Da can da yake lalatacce, in an yi yini a hanya sai an rama da kwanaki a gindin gawo, maigidana a ƙarƙashin mota ƙafafunsa a waje, ina kai masa fura ina tsokanarsa. Yanzu sai wata ya tsaya ya ɓata ban sa shi a ido ba. Bai je Kurmi ba, wannan kam na yi nasara. Na aika wa makanike a asirce ko akwai wata 'yar ƙusa da za a sassauta, ba wadda za ta kashe ba, wadda dai za ta riƙa kwantar da motar jefi-jefi. Ya aiko a gaishe ni, ya ce shi gyara ya koya.

Safiyar tafiyarsa ta farko ita ta fi tsaya mini a rai. An jera kwanduna, an ɗaure tamfol. Gwaggo ta kwance bakin zanenta ta ba shi makulli da hannunta. Ya tada injin ya bar shi ya ɗumama, ba wanda ya ce masa. Ya shafa kan yara, ya leƙo ta taga ya ce mini, "'Yar kawu, aje mani tsiyar, in na komo in amsa." Hannu kawai na ɗaga masa, ni da ba a taɓa rufe wa baki ba.

Da maigidana na da ne, da kafin in ɗaga hannu ya ɓace, in koma ciki in kama aikina. Amma mun hore shi. Ya ja motar sannu-sannu, ya kauce wa ramin ƙofar gida, ya bi ta gefen rijiya, ya miƙe hanyar arewa tsakanin gonakin da aka fara shukawa. Muka tsaya ni da Gwaggo muna kallon bayan tamfol ɗin, yana ƙanƙancewa, ya ƙi ɓacewa. Yara suka gaji suka koma wasa. Na so in shiga gida kada ta ga idona, na kasa, don har lokacin ana hango shi.

"Jegon ya yi kyau," in ji Gwaggo.

"Ya yi kyau, Gwaggo."

Ba wadda ta dubi 'yar'uwarta. Muka ci gaba da tsayuwa, motar na can tana tafiya a hankali.